Tseren kwamfuta biyu a shagon 'yata

Ban iya karatun boko ba sai da na yi jikoki. A ajin manya na Tarauni aka koya mini, kan bencin 'yan firamare, gwiwata tana neman haɓata. Karatu ya zauna, rubutu ya ƙi. Hannun da ya tsufa yana tuƙa tuwon sayarwa ba ya jin maganar biro.

'Yata tana da shagon buga takardu a Gyaɗi-Gyaɗi. Tebur ɗaya ne, da kwamfuta ɗaya 'yar gwanjo, da ƙaramin janareta. Bayan la'asar aiki yakan lafa, sai in zo in zauna ina danna baƙaƙe da yatsa ɗaya. A can duk baƙin da na danna a miƙe yake fitowa, kamar na kowa. Shi ya sa nake zuwa.

Lokacin soja sun koma bariki, farar hula sun yi zango ɗaya, ana shirin wani zaɓen. Kowa a unguwa ya zama ɗan takara, kowa fasta yake so da fuskarsa cike da takarda, a gyara masa zaman hula, a goge masa ƙuraje. A nan kwamfutarmu ta gaza. In aka sa mata hoto sai ta yi ta gurnani, yana saukowa kaɗan-kaɗan daga hula zuwa gemu, mai shi yana tsaye yana tsaki. Wasu suka fara tsallakewa shagunan titin gidan zu.

Sai mai yi mana gyara, wani mutumin Filato da ke zaune a Hotoro, ya ɗauko wata a kan acaɓa. Musaya za a yi, ya tafi da tsohuwar, 'yata ta yi masa ciko. Ta riga ta gaya mini, in sabuwa ta shigo babu zama na bayan la'asar, fasta za a yi ta bugawa har magariba, kuma ba za ta bar ni in danna abin da zai lalata aikin mutane ba.

Na dubi akwatunan biyu. Duk launi ɗaya, farin da ya sha hannu. Na ce, "Kai, mene ne bambancin? Wannan ma ai tsohuwa ce."

Ya ce, "Mama, ba a jiki yake ba, a ƙwaƙwalwa yake."

Ya kwance cikinsu ya nuna mini. Wani ɗan abu ne ƙarƙashin ƙaramar fanka. Tamu, in ji shi, mai lamba ɗaya ce, tasa mai lamba uku, kuma lissafin da tasa za ta gama, tamu ko rabi ba ta kai ba.

"Haka kowane dillali yake cewa," in ji ni.

"Ni ba dillali ba ne, injiniya ne."

"Injiniyan da ya zo da kayan sayarwa."

'Yata ta yi dariya, amma ita ma ba ta yarda da baki ba, ta ce a gwada. Matsalar ita ce gilashin kallo ɗaya muke da shi, ba dama a kunna biyun a tare. Sai dai a sa wa wannan hoto, a cire waya, a sa wa waccan. Ya ɗaga hannu zai duba agogonsa, ta ce, "Oga, agogonka naka ne, kayan ma naka ne. Inna za ta ja carbi."

Ya ce, "Carbi kuma?"

"Inna ba ta saurin tasbihi ko tuwo na ƙonewa. Ka tambayi duk gidanmu."

Na gane abin da ta yi mini. Ta san wadda nake so ta ci. In na ja a hankali a kan tamu, na yi sauri a kan tasa, su biyun babu mai kama ni. Amma ta san sunan wa ake kira a kan 'ya'yan carbin. Na harare ta, na ciro shi daga jaka.

Hoton wani mai neman kansila aka ɗauko a faifai. Aikin shi ne a buɗe shi, a faɗaɗa shi ya cika fasta. Tamu ta fara. Na zagaye carbi na dawo kan limaminsa, ita ko kunnen mutumin ba ta kai ba. Na sake zagayewa, na shiga na uku kafin ta sauke shi ƙasa. Aka sauya waya. Tasa, ban gama zagaye ɗaya ba mutumin ya fito har aljihun babbar rigarsa.

Na faɗi abin da na samu. Ya ce, "Mama, kin ga?"

Na ce, "Na ga hoto. A gwada rubutu."

Na zauna na danna bisimillah da sunan unguwarmu a kan tasa, aka mayar da waya na danna a kan tamu. Babu wadda ta riga wata. Na ce ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya sosa ƙeya ya ce in dai rubutu ne zalla, mai lamba ɗaya za ta yi shekaru tana yi, don rubutu ba ya wahalar da ƙwaƙwalwa, hoto ne mai nauyi.

Na juya wajen 'yata. Ta ce, "Inna, na ji. Amma bana ba rubutu ake kawo mini ba."

Gaskiyarta ce. Ya naɗe tsohuwar a buhu ya ɗaure a bayan acaɓa. Da zai tafi ya ce in yi haƙuri, na ce ba shi ya yi mini ba.

Na daina zuwa shagon. Ana nan, wata Juma'a da hantsi ta biyo ta gida ta ce in shirya. 'Yan takara da yaransu duk masallaci suke tafiya su nuna fuska, shago yakan zama wayam har a sauko. Wannan lokacin ta ba ni, da sharaɗin kada in taɓa komai sai wurin rubutu.

Na je. Da tsohuwar, in an kunna ta nakan ɓare goro in gyara mayafi in huta kafin ta farka. Wannan ban gama jawo kujera ba ta buɗe farar takarda, ɗan tsayayyen layin da ke nuna inda za a fara rubutu yana ta ƙiftawa yana jirana. Na ce mata ta jira, na ɓare gorona tukuna. Sannan na fara neman inda suka ɓoye harafin ba na bisimillah.