Katin Mas'udu a Zabirar Jibo

Malam Jibo wanzami mutumin Nahuce ne, can ƙasar Bungudu, amma ya fi shekara ashirin yana shimfiɗa tabarmarsa a gindin wani dogon yaro kusa da tashar mota a Gusau. Aska ya gada wurin ubansa. Surutu kuwa ba a san inda ya samo shi ba, don an ce uban shiru-shiru ne. Mutumin kirki ne, wannan ba mai musu. Aibinsa ɗaya ne: in ya yi alheri yana son a san shi ya yi, in kuma mutane suka yi nauyin baki, shi zai taya su faɗa.

Shekara shida da suka wuce Mas'udu ya faɗo tashar. Ɗan Kucheri ne, ya yi acaɓa a Tsafe, ya fara da ƙwaya ɗaya don kashe gajiya, ya ƙare da sayar da babur ɗin. Daga baya kan ya taɓu. Yana kwana a rumfunan kasuwa, yana faɗa da mutanen da ba mai ganinsu sai shi, gashi duk ya cukurkuɗe. Ba mai iya matsarsa. Jibo ne ya yi wata uku yana ajiye masa fura a gefen tabarma, bai ce masa ko uffan ba, har ranar da Mas'udu ya zauna don kansa ya miƙa kai. Tun daga nan duk Juma'a da hantsi sai ya aske shi, ya yanke masa farce, ya kai shi bayan masallaci ya watsa masa ruwa. 'Yan tasha suka laƙaba masa suna mahaukacin Jibo. Jibo yakan ce musu su ji tsoron Allah, amma sunan yana yi masa daɗi ƙwarai.

Sai ga Sista Rabi'a, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti da ke duba masu taɓin hankali da 'yan shaye-shaye. Ita ke bin tasha-tasha daga Gusau zuwa Tsafe da Bungudu tana neman irin su Mas'udu. Ranar da ta zo ɗaukarsa ya ƙi shiga keke sai da Jibo ya fara shiga. Aka kwantar da shi sati biyar, aka raba jikinsa da ƙwaya, aka ɗora shi kan allurar wata-wata. Da za a sallame shi, Sista ta damƙa wa Jibo katin, tunda Mas'udu ba shi da ko akwatin ajiya. Ta ce majinyatanta sun yi mata yawa, ba za ta iya bin kowa ba, shi ne idonta a tasha, kuma in aka tsallake allura ciwon yana dawowa. Jibo bai yi boko ba, amma ya iya lissafinsa: Juma'a huɗu, sai Litinin mai bi mata. Ya soke katin a zabira tsakanin aska da ƙaho.

Allah da ikonsa, Mas'udu ya dawo mutum. Ya samu dako a kasuwar hatsi da wurin kwana a zauren wani dillali, har sallah yana bi a sahu. Kuma duk wanda ya taya shi murna, amsarsa ɗaya ce, Allah ya saka wa Sista Rabi'a. Da 'yan'uwansa suka ji labari suka zo daga Kucheri, zabi biyu da ƙwaryar gero suka ɗauka, suka wuce ta gaban dogon yaron nan, suka nufi asibiti. Jibo yana cikin askin wani direba ya bi su da kallo, saura kaɗan ya yanke wa bawan Allah kunne.

Kishi ya kama Jibo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ina Sistar take lokacin da yake cire ƙwarƙwata da hannunsa? Sai ya shiga rama wa kansa da abin da ya iya. Duk wanda ya zauna aski sai ya ji yadda Jibo ya tsinci Mas'udu tsirara, da irin warin da yake yi, da abin da ya taɓa ci a bola. Shi a ganinsa tarihi yake gyarawa. Bai lura ba mai tarihin yana wucewa da buhu a ka, ana nuna shi da baki.

Mas'udu ya daina zuwa askin Juma'a. Aka ce an gan shi a shagon Lukuman mai askin inji. Wannan ta fi zabin ciwo. Jibo ya tare shi a hanya ya tambaye shi ko askarsa ce ta dakushe.

Mas'udu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Jibo, in na zamna gabanka, mahaukacin nan nika komawa. Ita Sista sunana taka kira."

Wanzami ba ya son jarfa. Jibo ya koma tabarmarsa yana huci, da Juma'a ta huɗu ta zo ya ƙirga ta sarai, Litinin ta zo ya ƙi tuna wa Mas'udu allurar. A ransa ya ce tunda Sista ce uwa ita ce uba, to ta tuna masa. Ba wai yana nufin Mas'udu da sharri ba ne. So yake a ɗan nemi Jibo a ga amfaninsa. Shi kuwa Mas'udu da yake jin garau, kuma kullum tuna masa ake yi, bai damu ba. Wata ya wuce, wani ya kama. Muryoyin mutanen nan da ba a gani suka dawo masa, ya nemi ƙwaya don ya kashe su, dillali ya kore shi daga zaure.

Wata Talata da azahar 'yan tasha suka kira Jibo ya zo ya ga mutuminsa. Mas'udu ne tsaye a tsakiyar titi ba riga, yana zagin iska, motoci suna kauce masa. Mutane suka dare, kowa na cewa sai dai Jibo. Ya je ya kama hannunsa, Mas'udu ya biyo shi ba gardama. An nemi Jibo, an kuma ga amfaninsa. Ya tare keke suka shiga.

A asibiti Sista Rabi'a ta karɓi katin ta duba, ta ga wata biyu babu allura. Ba ta tambayi Jibo komai ba, ta ɗauka Mas'udu ne ya yi ta guje masa, don ta saba ganin haka. Washegari yayan Mas'udu ya iso daga Kucheri, ya fara zuba mata godiya, sai ta katse shi ta nuna Jibo a gaban duk masu jiran layi.

"Ba ni za ka gode wa ba. Wanga dattijo shi ar riƙe da ɗan'uwanku shekara shida. Ba don shi ba, da jiya mota ta take shi."

Yayan ya durƙusa ya kama hannun Jibo da hannu biyu yana sa masa albarka, masu layi suna amin. Maganar da ya yi kusan shekara yana jira ke nan, ga ta an faɗa a bainar jama'a, kuma bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ta taga yana hango Mas'udu a kan gado, an ɗaure masa hannu ɗaya da ƙyalle don kada ya fizge ruwan da ake ƙara masa.

Jibo ya zare hannunsa a hankali, ya juya wurin Sista.

"Ba guje mani yay yi ba," in ji shi. "Na san ranar. Duka biyun na san su."