Maidaji da Sakatar Bindigar Babansu

Maidaji maƙwabcina ne a benen da muke haya bayan titin Liuhua Lu, ƙofarsa na kallon tawa. Mutumin Maradi ne. Aikinsa a nan Guangzhou shi ne zuwa Shiling, garin masu ɗinka jaka, ya duba wa 'yan kasuwar garinsu jakunkunan mata kafin a loda. Ƙato guda, ka gan shi yana jan zif yana shinshina fata. Ni Lawban nake ce masa, wato maigida da Sinanci, don na san ba ya so.

Babansa mai gyaran bindigar maharba ne, kuma a gindinsa ya tashi. A nan ƙasar kuwa ko ta wasan yara ka riƙe sai ka yi bayani, don haka ilimin nasa ya koma cikin waya. Da babansu ya rasu, ƙanensa Shitu ne ya gaji bindigar gidan, irin mai sakata, wadda ake ja a tura harsashi. Da ita yake korar gadu daga gonar gyaɗa. Sabon harsashi wahalar samu gare shi, sai yake sake cika tsofaffin kwanso da kansa.

Wata Juma'a mun fito daga Masallacin Huaisheng, Maidaji ya tsaya bakin titi ya ƙura wa waya ido. Na leƙa, ina zaton hoton mace ne. Ashe gindin kwanso ne.

"Lawban, wannan ce amaryar?" na ce.

"Babayo, duba nan," ya ce, ko murmushi babu.

Ya nuna mini ɗan maɓallin da ke tsakiyar gindin, wanda allurar bindiga ke duka wuta ta tashi. Ya ce fuskar sakatar tasu tana da ɗan rami tun zamanin babansu, tsatsa ce ta ci. Duk harsashin da aka harba sai ramin ya bar ƙurji a maɓallin. Baƙo in ya gani sai ya ce albarushi ya yi yawa, amma 'yan gida sun san ba haka ba ne. Sun saba har sun daina duba gindin kwanso. Shi ma Shitu hoton kwanson ya turo don ya tambayi ko za su ƙara ɗaukar ciko.

Wannan karon maɓallin ya baje kamar an taka shi, ga baƙin zobe kewaye da shi. Maidaji ya kira Shitu a take, can gida safiya ce.

"Ka sake albarushi?"

"Na sake, Yaya. Wancan ya ƙare."

"Sakata tana buɗuwa da sauƙi?"

"Sai na ɗan buga ta da hannu. Tsufa ne."

"Ba tsufa ba ne. Wuta na dawowa baya, kuma idonka na dama ne a wurin."

"Tambarin Baba ne hwa, Yaya. Ka manta da shi ne, ka daɗe cikin jakunkuna."

Na yi dariya, don maganar ta yi mini daɗi. Maidaji ya harare ni, sannan ya ce Shitu ya tauna cingam ya danna a fuskar sakatar, ya ɗauko hoto. Washegari hoton ya zo. Ramin Baba yana nan inda yake, amma ga wani sabon zobe da wuta ta ci kewaye da ramin allura. Shitu ya yarda ya gani. Ya ce zai ajiye bindigar bayan an cire gyaɗa.

Kwana biyu Maidaji bai ci abincin kirki ba. Na kawo masa shinkafa da kaza, na cinye kazar a gabansa, idonsa na kan waya. Tafiya gida ba ta taso ba, kayan mutane na hannunsa. Daga ƙarshe ya kira Zeinabou, matar Shitu, abin da a gidansu wa ba ya yi sai da dalili babba. Ina zaune ina ji.

"Kin san ƙarfen da yake ja a bayan bindiga?"

"Na sani, Yaya."

"In ya tafi kasuwa, ki danna ɗan harshen da ke gefe, ki zare shi."

"In kai ina?"

"Inda ba zai samu ba."

A rijiya ta jefa shi. Shi kansa Maidaji bai zaci haka ba, ya ɗauka rumbu za ta sa. Da ta faɗa masa abin ya sosa masa rai, don a kan wannan ƙarfen babansu ya koya masa riƙon zarton gugar ƙarfe.

Gadu sun ci gefen gonar da ke bakin fadama. Shitu ya daina ɗaukar wayar wansa, amma yana aiko saƙon murya, duk faɗa ne. Maidaji yana sauraro a motar Shiling, ya ƙara sauti, ya sake kunnawa. Kwanan baya Zeinabou ta turo hoton Shitu zaune kan buhun gyaɗa, ya sha kunu. Maidaji ya buɗa hoton da yatsu biyu har fuskar ta cika waya, ya duba idon dama, ya duba na hagu, sannan ya mayar da wayar aljihu ya ci gaba da jan zif.