Injin Malam Huhu yana but ɗin motata

Da safen nan ina haɗa shayi Rifkatu ta kira ni daga Fadan Kagoma. "Anti Saratu, Baba ya tafi."

Babanta shi ne Malam Bulus, wanda ya koya mana bayoloji a sakandare a Kafanchan cikin shekarun saba'in. A ɓoye Malam Huhu muke ce masa.

Tun ɗazu ƙyamar kaina nake ji, kuma zan faɗi dalili.

Muna fom tiri ya shigo aji da doya gutsure biyu da ya jiƙa a tawada, ɗaya kamar ƙwayar masara, ɗaya kamar dunƙulen hannu. Ya tsaga su. Ƙaramin ya rine har tsakiya. Babban kuwa bayansa ne kawai ya yi shuɗi, cikinsa fari fat.

Ya ce, "Kun gani ko? Tana, tsutsar ƙasan nan, siririya ce, fatarta ta ishe ta shan iska. Kai ƙato, in ka dogara da fata, cikinka zai mutu kafin iska ta iso. Shi ya sa Allah ya naɗe fili mai faɗi ya cusa maka a ƙirji, wato huhu, jini yana ɗaukar iskar yana rabawa."

Washegari sai ga shi da huhun akuya daga mahauta, ƙudaje na bin sa har ƙofar aji. Ya soka bututun biro a maƙogwaron, ya ce, "Saratu, zo ki hura."

Wayyo, ƙarnin nan! Na hura sau ɗaya, abin ya kumbura a hannuna, da na saki sai iskar ta dawo mini a fuska. Nan take na amayar da kunun safe a kan takalminsa.

Aji ya fashe da dariya. Kallo ɗaya ya yi musu suka yi tsit. Ya miƙo mini hankicinsa, ya ce, "Amma kin ga ya kumbura, ko? To, kin ci jarrabawa." Da aka tashi ya saya mini lemu a bakin tashar jirgi.

Daga wannan aman na zama nas.

Bana bayan Ista na je gaishe shi. Na tarar da shi a tsakar gida kusa da cittar da aka shanya, ya rame, ba ya iya haɗa kalma biyar sai ya huta. Duk da haka sai da ya yi mini darasi. Ya dafa ƙirji ya ce, "'Yata, ƙananan jakunkunan huhun nan sun fashe sun haɗe. Fili ya ragu. Na zama babbar doyar nan."

Na ce, "Baba, akwai injin iska na taimakon numfashi da marigayi maigidana ya bari a Kaduna. Sati mai zuwa zan kawo."

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Ina komawa gida na sa injin a but ɗin motata. Sai karambani ya sa na faɗa a gurup ɗin tsofaffin ɗalibai. Shi ke nan! Wai a kafa kwamiti. Wai a je tare, a yi anko, a ɗau hoto. Wai a jira ciyaman ya dawo daga Abuja. Ni kuma na ce to. Ni da na yi shekara talatin ina sa wa mutane abin shaƙar iska a hanci, na san abin da jira yake yi wa irin wannan ƙirjin, amma na zauna ina zaɓen kalar atamfa.

Tafiyar da ba ta kai yini ba, wata biyu ban yi ta ba.

Yanzu gurup ya cika da hotunan kuka, har wani yana tambaya ko ankon nan zai yi a jana'iza. Tir da mu! Tir da ni, ni ce na yi alkawarin.

Rifkatu ta ce ko shekaranjiya da ya ji ƙarar mota sai da ya tambaya, "Saratu ce?"

Ya Ubangiji, kai da ka hura wa mutum numfashi, ka karɓi bawanka Bulus, ka ba shi hutawa inda ba haki. Ka ta'azantar da Rifkatu da ƙannenta, cikin sunan Yesu. Amin.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni kuma ku roƙa mini gafara. Gobe zan kama hanyar Fadan Kagoma ni kaɗai, injin yana nan a but inda na sa shi.