Ranar da Gaiwar Alhaji Ta Buɗe Baki

Akwai wata Lahadi, ranar kasuwar Illela, da har yau ban manta da ita ba. Lokacin ina mai kula da gidan wani Alhaji, ɗan kasuwar albasa. A farkon damina ya sayo akwatin gilashi daga Legas da wani dogon kifi mai kama da maciji. Mai sayarwa ya ce sunansa morai, mu kuwa muka sa masa gaiwar Alhaji.

Alhaji ya damƙa mini amanarta, ya jero mini ƙa'idoji. A rage ruwan kowane mako a zuba sabo, a sa ɗan gishirinta na musamman, injin iska kada ya tsaya, murfi kuma ya zauna a rufe domin tana silalewa ta ƙaramar kafa. Murfin nan ina duba shi ko da na san yanzu na rufe. Ita kuwa tun zuwanta ta shige cikin wani bututu, ba ta fitowa, ba ta cin komai. Ni ma abinci ya daina yi mini daɗi.

Ran nan Alhaji ya ƙetara iyaka zuwa Ƙonni. Da hantsi na shiga falo, sai na ga ta fito da kai, tana buɗe baki tana rufewa. Na sha ganin tunkiya tana gargarar mutuwa, kuma haka take yi. Na ruga na kira Malam Jauro mai gadi.

Ya leƙa ya ce, "Sani, kwantar da hankalinka, kifi ba shi mushe. In ta cika, Hajiya na da yaji."

Na ce, "Malam, amana ce fa."

Na kira Alhaji a waya. Ya ce, "Mi ya faru?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gaiwa na cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai." Ya ce in ɗauki bidiyo in tura masa, zai aika wa mutumin Legas da ya sayar masa da ita. Ina jira ina karanta duk addu'ar da na sani a gaban gilashi.

Da ya sake kira dariya yake yi. "Sani, haka take lumfashi. Mutumin ya ce fitowar nan alama ce ta saba da gida. Yunwa taka ji, ka ba ta abinci."

Na ɗauko ɗan kifi da dogon tsinke na miƙa. Ta dube shi, ta fizge. Na zauna a ƙasa ina hamdala, Malam Jauro kuwa ya ce an cuce shi romo.

Ku da kuke shiga aikin nan yanzu, ku koyi yadda lafiyar dabba take tun kafin ku fara neman ciwonta. In abu ya shige muku duhu kuma, ku kira maigida, ko da dariya zai yi muku. Ni an yi mini ita har Ƙonni, kuma na kwana da farin ciki.