Fadamar da Baba ya ba baƙi aro

A wajenmu, baƙo in ya sauka yana son noma ba a hana shi ƙasa, aro ake ba shi. Ya noma abinsa, in kaka ta yi ya kawo dami ɗaya ƙofar mai gona, don kowa ya san ta wane ce. Sharaɗi guda ne: mai aro ba ya dasa itace, domin itace shaidar mallaka ne.

Da wannan hankalin Baba ya karɓi mutanen nan. Fararen fata ne biyu, suka zo da tafinta daga Haɗeja, suka ce shinkafa za su gwada a fadamarmu, wadda kogi ke kwanciya a kanta da damina ya bar mata laka baƙa ƙirin. Bulama, mai garinmu, ya tara dattawa. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne, a ba su su gwada." Har busasshen kifi ya sa Inna ta ƙulla musu. Wallahi duk sanda na tuna kifin nan sai zuciyata ta tafasa.

Kaka ta zo, babu dami. Baba ya ce ƙila ba su san al'ada ba, a yi musu uzuri. Sai ga darbejiya an dasa layi guda a kan iyaka, bayanta kuma waya mai ƙaya. Ranar da Baba ya je wajensu na raka shi, yana tafe yana haki. Ya ce da tafintan, "Yaro, gaya musu mai aro ba ya dasa itace."

Tafintan ya yi dariya. "Baba, wane aro kuma? Ai daga sama aka ba su."

Baba bai sake taka hanyar fadama ba har ya rasu.

Daga baya muka ji a rediyo ana ta maganar dokar da za ta hana mutanen waje mallakar gonaki. Yayana ya zura takalmi ya nufi ƙofar kamfanin baƙin da murnarsa. Manaja ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, kamfanin na ɗan ƙasa ne, sunan wani Alhaji ne a kai. Alhajin da ko lakar wurin bai taɓa takawa ba! Shi nake jin haushi fiye da baƙin. Su ba su san mu ba, shi kuwa ya san mu sarai, ya ba da hayar sunansa aka yanka mu da shi.

Yanzu Yaya dashen shinkafa yake yi musu a cikin wayar, tunda yara sai sun ci. Kullum da yamma in zai fito, mai gadi sai ya laluba aljihunsa, kada ya fita da shinkafar mutane.