Umaru da Amsar da Ba Ta Shiga

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar aminina Umaru, wanda kwalekwale ya kife da shi a kan hanyarsa ta zuwa ƙauyen da yake koyarwa kusa da Diggi. Allah Ya jiƙansa.

Tare muka yi sakandare a Gwandu, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Ɗan makiyaya ne, yana da in'ina. Muna aji huɗu mahaifinsa ya ce boko ya isa haka, shanu na buƙatar hannu. Da ƙyar malaminmu na lissafi ya shawo kan tsohon ya zo gasar lissafin da za mu kara da ɗaliban Kalgo, ya gani da idonsa kafin ya yanke hukunci.

Tsohon ya zo. Ya ƙi kujera, ya tsaya can baya cikin zauren gasar da sandarsa.

Muna kunnen doki aka rubuta tambayar ƙarshe a allo: √(x + 7) = x − 5. 'Yan Kalgo suka ninka kowane gefe da kansa don su kawar da sukwaya rut, suka ce tara da biyu. Alƙalin gasa ya girgiza kai, ya miƙo mana. Ni ma kuwa abin da na samu ke nan. Umaru ya miƙe. Baki ya ƙi buɗuwa. Mai tsaron lokaci ya ɗaga ƙararrawa, wasu suka fara dariya, na hango tsohon ya sunkuyar da kai.

"B-b-biyu ba ta shiga," in ji Umaru.

Aka ce ya nuna dalili. Ya ɗauki alli, ya mayar da biyu cikin tambayar: hagu ya ba da uku, dama ya ba da uku ƙasa da sifili. Kama da wane ba wane ba ne. Ya sa tara, huɗu ta fito ta kowane gefe.

Zaure ya ɗauki tafi. Tsohon ya matso ya jawo rigata, "Kai yaro, mi ya ce?" Na ce, "Baffa, ya gano baƙuwa cikin garke." Ya daɗe yana duban ɗansa, sannan ya ce, "To, a bar shi."

Yau ga jami'a a Kalgo, ga yara na haska tambaya da waya amsa ta fito nan take. Ina jin Umaru zai yi murna da jami'ar. Wayar kuwa sai ya tambayi mai ita ko ya gwada amsar. Sannu ba ta hana zuwa, haka yake yawan faɗa.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba, kabarinsa ma damina ta shafe alamarsa. Amma bara na haɗu da wata malamar lissafi a Dangoma da ta ce shi ya koyar da ita. Na ce ta ba ni labarinsa. Ta ce, "Bai taɓa katse ɗalibi yana magana ba."