Inda Kaka Ta Faɗi

Jikata ta zo mini hutu daga Yamai da wata 'yar na'ura mai ihu kamar ana yanka akuya. Ta zuba wasu fararen ƙwayoyi a ciki, ta ƙara sukari da farin ƙwai, ta danna, kafin in gyara zama har sun zama ƙulli. Ta ce amandi ne, wata ƙwaya ta ƙasar Nasara, gato za ta gasa mini da shi, wato kek. Ta lakato a yatsa ta miƙo mini. Ƙanshin ɗanyar ƙwaya da sukari ya daki hancina, na kau da kai. Ita ta ɗauka tsufa ne ya sa nake ƙyamar abin zamani. Ba tsufa ba ne. Na san wannan ƙulli tun ba a haifi uwarta ba, kuma na san abin da ya ci mana.

A wani ƙauye kusa da Kiyeshe na tashi, lokacin da Nasara suke yaƙinsu can ƙasarsu mu kuma muna biyan kuɗin sabulu a nan. An kwashe babana aikin dole na hanya tare da yawancin mazan gari. Gida ya rage daga ni sai mahaifiyata sai kakata, wadda ta haifi babana. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, amma bakinta ya fi barkono. Ni ma an ce ita na biyo, kuma ban taɓa musu ba.

Abin da ya riƙe gidanmu gyaɗa ce, mu gujiya muke ce mata. Ta kaka ba irin ta kowa ba ce. Fara ce, ɓawonta na ciki kamar an wanke, ga mai kamar ruwa. Daga ɗakin uwarta ta wajen Geceme ta zo da irin, ƙulle a gefen zane, ranar da aka kawo ta gidan nan. Da ita take matse mai, ta soya ƙuli-ƙuli, a kai kasuwar Dutsi a dawo da hatsi. Kowace shekara in aka cire gujiya, kafin kowa ya sa ƙwaya ɗaya a baki, sai ta ware iri. In damina ta matso ta ɓare shi, ta cakuɗa da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. A gidanmu an yarda a kwana da yunwa, ba a yarda a taɓa tulun nan ba. Shekarar kuwa Nasara sun kwashe kusan duk abin da aka noma, tulun kaɗai ya rage tsakaninmu da bara.

Ƙanen babana, wanda nake kira baffa, shi ne kukun kumandan, Baturen mulki, a barikin Dutsi. Aikin nan ne ya hana a tafi da shi hanya. Matar kumandan, wadda kowa ke kira Madam, ta tashi yin biki, tana son gato mai ƙullin amandi irin na garinsu, amandi kuwa yaƙi ya hana shi zuwa. Ta ce wa baffa ya nemo abin da zai maye gurbinsa, in ba haka ba ya bi yayansa fasa dutse. A bazara ina za ka sami gujiya mai kyau? Tsoro ya kwance masa baki, ya ce uwarsa tana da wata fara.

Da hantsi suka iso, rana ta riga ta fara cizo, hadari yana ta haɗuwa a gabas yana watsewa. Gardi ne, ɗan sandan Nasara, a kan doki, da jar hula da bindiga da bulalar dorina, baffa na biye a ƙasa rungume da gwangwanin sukari. Ko sallama gardin bai yi ba. Baffa ya durƙusa gaban kaka, idonsa a ƙasa.

"Inna, kun kwan lahiya? Gujiyag ga ta cikin tulu, ita Madam ka so."

"Wace gujiya?" in ji kaka. "Iri na, kai ma ka sani. In ruwa ya sauka mi za mu shibka, hular wanga?"

Gardin ya diro daga doki. "Tsohuwa, ba ciniki munka zo yi ba. Hiddo ta."

Kaka ta dube shi tun daga takalmi har hula. "Kai ɗan nan, uwarka ba ta aje iri?"

Ya kutsa ɗakinta da takalmi, ya jawo tulun zuwa tsakar gida. Kaka ta yi tsalle ta rungume wuyan tulun. Ya ja, ta ja. Sai ya ɗaga gindin bindiga ya sauke. Tulun ya tarwatse, hannun kaka na dama yana kansa, na ji ƙashi ya ce ƙas. Toka ta tashi, farar gujiya ta watsu cikin yashi, kaka kuwa ta faɗa rubda ciki a kan inda ta fi taruwa.

Daga nan bulala ta fara. Wanda bai taɓa jin ƙarar dorina a bayan mutum ba, Allah ya sa ya mutu bai ji ba. Bugun farko ya tsaga zanenta, na biyu ya tsaga fata. Yana dukanta yana cewa ta tashi, ita kuwa ko a jikinta. Mahaifiyata ta ƙwalla ihu ta yi kansa, ya hankaɗe ta ta bugu da turmi. Baffa ya riƙe masa hannu yana cewa, "Sarzan, don Allah, uwata ta!" Gardin ya juyo ya ba shi gindin bindiga a baki, jini ya wanke farar rigar bariki. Ni kuwa ban san lokacin da na isa ba, na dai ji haƙorana sun nutse a sha-raɓarsa. Na ciza har na ji gishiri. Ya yi ƙara, ya shure ni, na tsinci kaina gindin rumbu, haƙorina na gaba babu. Dama yana girgiɗi, amma har yau ina cewa a ƙafar gardi na bar shi, kuma ban yi da-na-sani ba.

Maƙwabta suna leƙe ta ramukan zana, ba wanda ya shigo. Da ina jin haushinsu. Da na girma na gane daga mata sai tsofaffi, kuma kowa yana da nasa tulun da yake tsoron a tuna da shi.

Ana cikin haka kaka ta fara wani abu. Ta shiga murza jiki a ƙasa, gwiwoyinta suna tonon yashi, gwiwar hannunta mai lafiya tana dannawa, tana gurnani, kanta yana kaɗawa. Wata tsohuwa daga bayan zana ta ce da ƙarfi, "Doguwa ta hau!" Gardin ya tsaya da bulala a sama. Ko mai bindiga yana shakkar iskokin Arewa. Ya ja da baya, ya tofa yawu, ya jira har ta lafa. Sannan ya sa takalmi ya birkice ta. Ƙarƙashinta babu komai sai yashi da toka da jini. Ya sa mu tsince wadda ta watsu a tsakar gida ƙwaya-ƙwaya, yana tsaye a kanmu, har da wadda ta shige ƙarƙashin rumbu.

A gidanmu aka yi ƙullin, a turminmu, kaka tana kwance inda ta faɗi tana kallo. Baffa ya tafasa ruwa ya kwara wa gujiyar. Da tururin ya tashi mahaifiyata ta fashe da kuka, don irin da ya sha ruwan zafi ya mutu ke nan. Muka murje ɓawon da yatsu, yana saluɓewa, ƙwayoyin suka fito fari fat. Aka shanya a faifai har suka sha iska. Baffa ya zuba a turmi, ya bi da sukari, ya fasa ƙwan zabinmu ya tsiyaye farin kaɗai. Gardin ya kafa wa gwangwanin ido kada wani ya lasa. Mahaifiyata ta ɗauki taɓarya, haushi ya sa ta saki hannu irin dakan tunkuza, ƙullin ya fara ƙyalli.

"Sannu-sannu," in ji baffa, leɓensa a kumbure, magana ba ta fita sosai. "In mai ya hito, ta ɓaci."

Mu da muka tashi muna roƙon gujiya ta ba da mai, ga shi yau ana dukanmu don kada ta bayar. Gardin ya zabga wa mahaifiyata bulala a dantse, ta rage hannu. Haka aka lallaɓa abincinmu na shekara har ya zama wani farin curi mai laushi, bai fi kan jariri ba. Baffa ya naɗe shi a tsumma mai tsabta. Da za su fita ya tsaya kan kaka ya dube ta, sannan ya bi doki.

Kaka ta ƙi a ɗaga ta sai da rana ta yi sanyi. Da mai ɗori ya zo aka kai ta ɗaki, ta sa aka sari ƙaya aka kewaye wurin da ta kwanta. "Wuring ga nawa na," ta ce. "Kowa yat taka shi, ban yahe ba." Ta ɗora ni gadin wurin kada kaji da awaki su shiga. Mutane suka ce wurin iska ne, suna ratsewa in sun shigo. Ni ma da tsoro nake zama can nesa da 'yar sandata.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka, irin mai ƙanshin ƙasa. Bayan 'yan kwanaki da safe na leƙa cikin ƙayar, na ga yashi ya tsattsage, 'yan koren kawuna sun leƙo. Nan inda gwiwoyinta suka tona, can inda ƙirjinta ya danne, can inda hannunta ya kai. Na ruga na kira ta. Ta fito da hannu a ɗaure da karare, bayanta bai gama warkewa ba, ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Tsohuwar nan ta bayan zana ta shigo ta riƙe baki, ta ce ikon doguwa.

Kaka ta yi dariya har ciwon ya sa ta tsaya. "Wace doguwa? Shibka nike."

Abin da aka cire a wurin bai cika ƙaramar ƙwarya ba, kuma ba wanda ya ɗanɗana, duk tulu ya koma. Shekarar mun ci tafasa da dusa har jikinmu ya yi fari. Hannun kaka bai ƙara riƙe taɓarya ba, ni na zama hannunta. Baffa kuwa sai bayan yaƙi ya iya faɗa wa mahaifiyata ƙarshen labarin: Madam ta gutsiri gaton, ta ce warin gujiya yake, ta miƙa wa karenta. Mun ɓoye wa kaka wannan har ta rasu. In ya zo gida tana ba shi tuwo, tana amsa gaisuwarsa, amma ba ta sake tsokanarsa ba, kuma duk wanda ya san kaka ya san wannan ya fi zagi.

Yanzu iri a kasuwa ake saye, cikin leda, an shafe shi da jan magani, in ya ƙare a koma a sayo. Ba na cewa laifi ne, ba a dukan kowa a kansa. Amma yaran yanzu ba su san akwai abin ci da ba a ci ba.

Na ce wa jikata ta shiga ɗakina ta ɗauko ɗan tulun da ke bayan gado. Ta ɓalle lakar, ta ɗebo, ta hure tokar, fararen ƙwayoyi suka bayyana a tafinta. Ta ce kai, kamar amandi, ta jawo na'urarta tana tambaya ko ta gwada da wannan. Ban san ina da sauran ƙarfi haka ba sai da na ji ta ce wayyo, hannuna a damƙe da wuyan hannunta.

Na ce, "Mayar. Iri na."